Dokar Leda da Dokar Tuƙi Cikin Maye: Yadda Za Su Dace da Dutsin-Ma da Kurfi

Zubar da leda barkatai da tuƙa mota ko babur cikin maye suna cikin matsalolin da majalisar dokokin jiha take da hurumin yi wa doka ba tare da ta jira Abuja ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba majalisun jihohi ikon yin doka a kan duk abin da ba a keɓe wa tarayya ita kaɗai ba. Sashe na 20 ya ɗora wa hukuma alhakin kare muhalli, wato ruwa da iska da ƙasa da daji. Jadawali na huɗu kuma ya bar wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan, ko da majalisar Katsina mai kujeru 34 ce za ta rubuta dokar, aiki da ita zai faɗo ne a kan kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, da tashar motar Kurfi, da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma.

Hanyar da ƙuduri yake bi kafin ya zama doka sananniya ce. Ɗan majalisa ko ɓangaren gwamna ya gabatar da shi, a yi masa karatu na farko, a yi muhawara a karatu na biyu, sannan a miƙa shi ga kwamiti. A hannun kwamitin ne ake zaman jin ra'ayin jama'a, kuma nan ne kaɗai mahauci da direba da mai sayar da ruwan leda suke da damar faɗin albarkacin bakinsu. Bayan karatu na uku sai a kai wa gwamna, wanda sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya zartar da shi ya zama doka.

Ita leda daga man fetur da iskar gas ake samo sinadarin yin ta. Amfaninta da illarta abu guda ne: ba ta ruɓewa. Ganye da takarda da kaba, ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa suna cinye su a damina ɗaya ko biyu. Leda kuwa ba su san ta ba. Rana ce kawai take gasa ta har ta yi rauni ta farfashe, ta koma ƙananan ɓarɓashi da ido ba ya gani, amma tana nan cikin ƙasa da ruwa shekara da shekaru. Baƙar ledar cefane, da farar santana ta ƙulla mai da gishiri da kanwa, da ledar fiyo-wota, duk aikin da suke yi wa mai su bai wuce na 'yan mintuna ba.

A birane kamar Legas, in ana maganar leda, toshewar magudanar ruwa ake fara ambata. A Dutsin-Ma da Kurfi kuwa, inda kusan kowane gida akwai akuya ko tunkiya, babbar asarar a cikin tumbi take. Da rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, dabbobin gari suna komawa kan bola. Ledar da aka ƙulla alale ko awara ko ƙuli tana ɗauke da ƙanshin mai da gishiri, ita kuma saniya ba ta tsince abinci, haɗiya take yi sai daga baya ta yi tuƙa. Ledar ba ta narkewa, ba ta kuma wucewa. Motsin tumbi yana murɗa ta, yau ɗaya gobe biyu, har ta dunƙule ta zama curi mai tauri wanda yake tare wurin abinci. Dabbar sai ta rage ci, gashinta ya tashi, ƙugunta ya fito, cikinta kuma ya yi girma. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsar ciki yana ɗura mata, ba ya ganin sauƙi, domin babu wani magani na sha ko allura da yake narkar da leda. Abin da likitan dabbobi zai iya yi shi ne ya tsaga ciki ya ciro ta, kuma sau da yawa kuɗin aikin ya fi ƙarfin mai akuya ɗaya. Shi ya sa akasari wuƙa ce ƙarshen lamarin, a sayar wa mahauci da araha.

Mahauta su ne shaidun farko a wannan batu, tun da su suke buɗe tumbi kullum. Gogaggen dillali ma yakan matsa kwiɓin dabba ya ji ko da tauri kafin ya taya. Asarar kuma tana faɗawa ne inda ba a cika jin kukanta ba, domin ƙananan dabbobin cikin gari yawanci na mata ne da tsofaffi: su ne asusun haihuwa da na asibiti da na kayan ɗaki. A ƙasar Muritaniya irin wannan asara tana cikin manyan dalilan da gwamnati ta bayar lokacin da ta haramta leda a farkon 2013, bayan an lura da yawan shanu da tumakin da take kashewa a babban birnin ƙasar.

Gona ce wuri na biyu. Manoman da ke kewaye da gari sun daɗe suna kwasar takin bola a amalanke ko a kan jaki su kai gona kafin saukar ruwa. A da, toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa. Yanzu kowane kwando da rabonsa na leda. In ta binnu, tana tare ruwa ya kasa ratsa ƙasa daidai, tana hana saiwar gero da dawa tafiya, tana kuma naɗe garma. In manomi ya tara ta ya cinna wuta, ya mayar da matsalar ƙasa ta koma ta huhu. Haka matar da take hura gawayi ko ɗanyen itace da leda a cikin madafi mara taga, hayaƙin nan ita da goyonta suke fara shaƙa.

Sai ruwa. Ledar da ta cika kwata tana sa ruwan sama na awa ɗaya ya rasa hanya, ya koma ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Wanda ya kwanta a cikin kwalbati kuma ya zama gidan sauro. Abin da ambaliya ta kwasa daga garuruwa da ƙauyukan bakin rafi yana gangarawa ne zuwa madatsu irin ta Zobe da ke kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin ba da ruwan sha daga cikinta. Masunta da masu noman rani suna cin karo da ita a koma da kuma bakin tiyon injin ban ruwa.

Dokokin da aka gwada a duniya sun bi hanyoyi dabam-dabam, kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002, bayan an gano rawar da toshewar magudanu ta taka a ambaliyar da ta sha cinye ƙasar. Ruwanda ta haramta a 2008, ta kuma tsaya kai da fata, har a filin jirgin sama ana karɓe leda daga hannun matafiya. Kenya ta biyo baya a watan Agusta na 2017 da hukunci mai tsanani, ɗaurin da zai iya kai shekara 4 ko tarar da ta kai shilin miliyan 4, amma duk da haka 'yan fasa-ƙwauri suka ci gaba da shigo da ita ta kan iyaka. Ƙasar Ayilan ba ta haramta ba. A 2002 ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda, mai saye ne zai biya a gaban kanta, kuma cikin ɗan lokaci amfani da ita ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Darasin da ya fi kusa da Katsina yana tsallaken Jibiya. A watan Nuwamba na 2014 Jamhuriyar Nijar ta kafa doka mai hana ƙera siririyar leda da shigo da ita da sayar da ita. Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi bayan haka ya san ledar ba ta tafi ko'ina ba. Doka ce mai kyau a takarda, amma ba a tanadi abin da zai maye gurbin ledar da farashin da mai sayar da tumatir zai iya ba, ga iyaka mai tsawo da kaya suke ratsawa dare da rana.

A Najeriya, majalisar wakilai ta amince da wani ƙuduri a watan Mayu na 2019 wanda ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3 ga wanda ya ba mai saye leda, da tarar naira miliyan 5 ga kamfani. Ƙudurin bai zama doka ba. Ko da ya zama, da wuya a ga alƙalin da zai ci mai ƙosai tarar rabin miliyan. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufa ta ƙasa kan sharar roba, a 2024 kuma ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Jihar da ta fi yin nisa ita ce Legas. A Janairun 2024 ta haramta farin mazubin abinci na soso, sannan daga 1 ga Yuli, 2025 ta fara tilasta hana ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba, tare da tsinken shan lemo da kofuna da cokulan roba. Abin lura shi ne ta tsame ledar ruwa da gorar roba daga haramcin.

Wannan tsamewa tana da ma'ana ga Dutsin-Ma. Gari ne da ya cika da ɗalibai tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kuma dubban mutane da ruwan leda suka dogara wajen sha. Dokar da ta haramta shi kafin famfo ya wadata za ta tura mutane ga ruwan da ya fi shi haɗari. Abin da ya fi dacewa da ledar ruwa shi ne a ɗora wa masu gidajen ruwan nauyin tattara ta, su riƙa saye a kan kilo. 'Yan jari-bola ba sa barin ƙarfe ko gorar roba a ƙasa saboda suna da farashi. Baƙar leda ce suke tsallakewa, domin sai an tara buhu guda kafin ta yi nauyin da za a auna, ga datti. Duk abin da aka yi wa kuɗi, yara za su share shi daga titi ba tare da an aiko jami'i ba.

Ita baƙar siririyar leda, wurin kama ta shi ne sama, wajen masu ƙerawa da manyan dilolin da suke sauke ta daga Kano, ba wajen tsohuwa mai daddawa ba. Diloli ƙalilan ne, an san shagunansu. Doka tana iya ƙayyade kauri, ta ba da wa'adin wata shida ko shekara a sayar da abin da ke ƙasa, ta kuma hana ba da leda kyauta. Da zarar mai saye ya san zai biya, zai tuna da kwando da buhu da jakar da aka ɗinka da ragowar atamfa, waɗanda teloli da masu saƙar kaba na ƙauyukan Kurfi za su iya wadata kasuwa da su. Hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA, ba ta da ma'aikatan da za ta ajiye a kowace rumfa. Sarkin kasuwa da sarkin fawa da shugabannin 'yan tireda suna nan kullum, kuma dokar da ta ba su matsayi a rubuce ta fi wadda ta dogara ga samame sau ɗaya a shekara.

Batun tuƙi cikin maye ya sha bamban, domin a nan dokoki suna nan tun tuni. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988, kuma dokarta ta 2007 ta sa tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya a jerin laifuffuka, da tarar naira 5,000. Ma'aunin da ake aiki da shi shi ne giram 0.05 na barasa a kowane mililita 100 na jini, daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce sababbin direbobi da matasa kada su wuce 0.02. Hukumar Lafiya ta Duniyar ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Tarar naira 5,000 kuwa, a farashin yau, ba ta kai kuɗin man da direba yake ƙonawa daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ya dawo ba.

Abin da maye yake yi wa direba lissafi ne mai sauƙi. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin mita kusan 28 a kowace daƙiƙa. Direba mai cikakken hankali yana buƙatar daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ƙafarsa ta isa birki. In maye ya ƙara masa daƙiƙa ɗaya tak, motar ta ƙara tafiyar mita 28 ba tare da an taɓa birki ba. A hanyar Kurfi, inda garken shanu da amalanke da 'yan makaranta suke ratsa kwalta, wannan tazara ita ce tsakanin kaucewa da jana'iza. Giya tana kuma rage ganin gefe, tana sa mutum ya raina gudun da yake yi. Hanta ce kaɗai take fitar da ita daga jini, a hankali, cikin awoyi. Goro da shayi mai kauri da wanka da ruwan sanyi ba sa gaggauta komai, sai dai su sa mai maye ya ɗauka ya wartsake.

Jihar Katsina tana aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Hukumar Hisba da aka kafa a 2023 tana kama giya. Wannan yakan sa a ɗauka matsalar ta Kudu ce. Amma haddi hukuncin sha ne, bai taɓa lasisin tuƙi ba, kuma hanyoyin jihar suna ɗauke da direbobi daga ko'ina. Bayan haka, abin da ya fi yawa a tasha da bakin 'yan acaba ba giya ba ne. Tiramol ne, da kodin, da roci, da wiwi, da sholisho, da gadagi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Tiramol kuwa, wanda NAFDAC ta amince da shi shi ne mai miligiram 50 da 100, bisa takardar likita, amma mai 225 ne yake yawo a aljihu.

Dalilin shan ma dabam ne. Yawancin direban haya da ɗan acaba ba don nishaɗi suke sha ba, don a yi aiki ne: a cika balas, a ƙara sawu ɗaya kafin magariba, musamman a shekarun nan da tsoron 'yan bindiga ya sa kowa yake son ya isa gida da sauran haske. Ƙwayar tana ɓoye gajiya, ba ta cire ta. Tiramol mai yawa yana kawo jiri, yana kuma iya jefa mutum cikin farfaɗiya yana riƙe da sitiyari. Kodin da roci suna kawo gyangyaɗi.

A nan ne dokar da aka kwafo daga wani wuri za ta yi tuntuɓe. Na'urar busawa da jami'an hanya suke amfani da ita barasa kaɗai take ganewa. Wanda ya haɗiyi tiramol uku zai busa ta nuna sifili. Ingila ta fuskanci irin wannan giɓi, shi ya sa a 2015 ta ƙayyade ma'aunin ƙwayoyi dabam-dabam a cikin jini, ta kuma ba 'yan sanda abin gwajin yawu a bakin hanya. Dokar jiha da za ta yi aiki a Kurfi da Dutsin-Ma dole ta ambaci duk abin da yake gusar da hankali, ta haɗa da babur da Keke Napep, ta bayyana wanda yake da ikon yin gwaji da asibitin da za a kai jini ko fitsari, ta kuma sa ƙin yarda a yi gwajin ya zama laifi shi ma. In ba a rubuta waɗannan dalla-dalla ba, lauya zai rushe ƙarar a zama ɗaya, ko kuma dokar ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro a shingen hanya.

Akwai iyakar da majalisar jiha ba za ta tsallaka ba. Zirga-zirga a manyan titunan tarayya tana cikin abin da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, kuma duk inda dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama. Saura kuwa, titunan jiha da na cikin gari da tashoshi, fili ne a buɗe ga hukumar kula da hanyoyi ta jiha, KASSAROTA, da jami'an VIO. Lasisin tuƙi ma aikin haɗin gwiwa ne tsakanin FRSC da VIO da hukumar tara harajin jiha, don haka jiha tana da bakin magana a kan dakatar da shi. Ga direban haya, rasa lasisi na wata shida ya fi kowace tara zafi.

Wurin da ya fi sauƙin tare matsalar shi ne tasha, kafin mota ta tashi. 'Yan kamasho da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW sun san wanda yake sha da wanda yake sayarwa. Doka tana iya hana sayar da kayan maye a cikin tasha da kewayenta, ta ɗora wa reshen ƙungiya alhakin duk direban da ya yi lodi cikin maye, ta kuma haɗa mai motar da ya ba irin wannan direba makulli. Fasinjan da ya sauka saboda ya ga alamar maye ya kamata a mayar masa da kuɗinsa. Wanda aka kama karo na biyu kuma, kotu ta sami ikon tura shi cibiyar gyaran hali ta NDLEA ko asibiti, tun da wanda jikinsa ya saba da tiramol ba ya dainawa don an ci shi tara. Idan haɗari ya kai ga rasa rai, sakamakon gwajin ya shiga cikin takardun da za a gabatar wa alƙali, ko a kotun majistare ko a kotun shari'a inda ake maganar diyya.